Dutse a cikin katakon iroko: an cuce ni ne ko haka icen yake?

Kafinta B/Kebbi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, an wuni lafiya, ya sanyi ya iyali. Don Allah masu harkar katako da waɗanda suka karanci ilimin daji ku taimaka min, abin nan ya ɗaure min kai tun shekaranjiya. Ni kafinta ne a nan Birnin Kebbi, shekarata goma sha ɗaya cikin sana'ar, amma yawanci malaina da afara da ɗan madaci muke taɓawa. To wani Alhaji ya ba ni aikin ƙofofi shida na gidan da yake ginawa, ya ce shi fa iroko yake so ko nawa ne, wai ya gani a gidan abokinsa a Ilori, ƙofa ta fi shekara talatin ko gara ba ta leƙa ta ba. Na je wajen mai katakon da muke hulɗa ya ce sai an yo oda daga kudu, bayan sati uku kaya suka iso, kuɗin kuwa kada ma a yi maganarsa, abin da zan sayi malaina na cika shago da shi.

Muna cikin tsagawa a inji sai na ji ƙarrr, zarto ya yi tsalle, da muka kashe muka duba haƙora uku sun tafi sauran sun dakushe. Na leƙa cikin katakon sai ga wani abu fari-fari mai toka-toka kamar dutse kwance a tsakiyar falankin, tsawonsa ya kai tafin hannu, na sa ƙusa na ƙwanƙwasa wallahi kamar siminti. Ni dai zuciyata ta ba ni rami ne a icen suka cika shi da siminti don ya yi nauyi su sayar, na kira mai katakon muka yi ta sa-in-sa ya rantse haka aka loda masa. Na biyu kuma, katakon da na gani a hoto baƙi-baƙi ne kamar ƙasa-ƙasa mai duhu, wannan kuwa da aka tsaga sai ya fito rawaya kamar an shafa kurkur. Na uku yaran shago biyu tun ranar suke atishawa, ɗayan hannunsa da wuyansa duk sun yi ƙuraje yana ta susa, har wani maƙwabcinmu Bayarabe mai walda ya ce wai ai icen nan ba a taɓa shi haka kawai, akwai mai shi a ciki. Yanzu yaran sun ƙi zuwa kusa da shi.

Tambayata, iroko ne na gaskiya aka kawo min ko an yi min sakiyar da ba ruwa? Kuma in har icen nan yana da kuɗi haka, ina da gonar gado wajen Zuru, me zai hana in samo iri in dasa ko ɗari biyu ne?

Direban Ore ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Oga kafinta kwantar da hankalinka ka je ka ba mai katakon nan haƙuri, ba shi cuce ka ba. Wanga dutse da ka gani shi ne ma shaidar iroko na asali anka kawo maka. Ni mutumin Jega ne, na yi shekara tara ina jan tirela tsakanin Ore da Akure da Binin, muna ɗauko katako mu biyo Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko har gida, wani lokacin mu wuce Sakkwato. Na kwana somil, wurin tsaga katako, ya fi a ƙirga muna jiran lodi, kuma duk mai somil da ka gani can ya san wanga abu, in anka aza gungumen iroko bisa inji sai ka ga ofireta ya tsaya shina dubawa shina ƙwanƙwasa da bayan gatari, don dutsen ya sha karya musu zarto mai tsada. Ka koma ka duba da kyau, za ka ga naman iccen da ke kewaye da dutsen ya fi sauran duhu, kuma babu alamar an fafe ko an liƙa, a ciki ya tsiro abinshi. Wa zai zauna ya tsaga gungume ya zuba siminti ya mayar ya rufe ba a ga tabo ba?

Maganar launi kuma haka shike. Sabon tsagawa rawaya ne, ka jingine falanki ɗaya inda iska da haske ke samunshi ka ba shi 'yan makonni ka gani, zai rinƙa komawa ruwan zuma har ya yi duhun nan da ka gani a hoto. Abin da za ka kiyaye shi ne farin gefen nan na kusa da ɓawo, shi gara na cin shi sarai, tsakiyar ce ba ta iyawa. Masu katako marasa tsoron Allah nan suke cuta, su haɗo maka da mai farin gefe da yawa su ce duk iroko ne, eh iroko ne amma bayan damina uku sai ka ga ƙofa ta fara zubar da gari ta gefe guda. In za ka yi ma Alhaji aiki ka yanke farin ka yar, ko ka yi kujerar zaman shago da shi.

Amma fa ɗan'uwa ganin iccen nan a tsaye wani abu ne daban. Mu nan in munka ga kuka ko rimi ko tsohon madaci sai mu ce ƙaton icce. Ranar da na fara shiga daji wajen Okomu tare da masu yanka sai da hulata ta faɗi ina ɗaga kai, gangar jikin miƙe take sak kamar an sa ma'auni, babu reshe ko ɗaya sai can sama ƙololuwa, ka jera fal ɗin wuta biyu bisa juna ba ka kai reshen farko ba. Mutum huɗu munka riƙa hannu ba mu zagaye gindin ba. Da sunka sa inji wani farin ruwa kamar nono ya rinƙa tsattsafowa daga ɓawon, da ya faɗi kuwa ƙasa sai da ta girgiza, birai na ta ihu. Wallahi ban ji daɗi ba ranar, ko da yake da shi nike cin abinci.

Kuma tsadar da kake kuka da ita ba ta rasa nasaba da wannan. Lokacin da na fara, gungume ɗaya ko biyu ke cika mota. Kafin in bar hanyar sai ka ga an jero 'yan sirara guda goma sha, kuma sai an shiga can ƙuryar daji ko an tsallaka wajen Kuros Riba kusa da Kamaru kafin a samu babba. Ga kuɗin gas, ga shingaye tun daga Ore har Koko kowa na miƙo hannu, duk bisa kan falankinka suke sauka.

Malamin Gandun Daji ya rubuta:

Salam. Direba ya gama magana a kan dutsen, bari in ɗora da abin da muka karanta, ni ɗan Gusau ne kuma fannin gandun daji na yi, na yi bautar ƙasa a Ondo inda na ga itacen da idona.

Malam kafinta abin dariyar shi ne zarginka bai yi nisa da gaskiya ba, don wannan farin abu da dutsen da ake haƙowa a Kalambaina ana yin siminti da shi asalinsu ɗaya, dutsen farar ƙasa ne, sai dai wannan itacen ne ya haɗa abinsa da kansa. Iroko yana zuƙo sinadarin kalsiyam daga ƙasa, in ya ji rauni, ko iska ta karya reshe ko wuta ta lashe shi ko an sare shi da gatari bai faɗi ba, sai ruwan jikinsa ya taru a wurin a hankali ya daskare ya zama dutse, nama ya rufe a kai. Har a ƙasan gindinsa ma ana samun irin wannan dutse, masu bincike sun tona a Kwaddibuwa da Kamaru sun tarar da shi a wurin da ƙasar ba ta da farar ƙasa ko kaɗan, wato iskar nan ta kabon da ake cewa tana ɗumama duniya itacen ke kamawa, shi da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su mayar da wani kaso nata dutse. Shi ya sa masu maganar sauyin yanayi suke sha'awarsa sosai.

Sunansa na kimiyya Milicia excelsa, tsofaffin littattafai suna rubuta Chlorophora excelsa, akwai kuma ɗan'uwansa Milicia regia da ya fi yawa daga Gana zuwa yamma, a kasuwa duk iroko ake ce musu. Sunan iroko na Yarbawa ne, Inyamurai suna cewa oji, a Gana odum, a Yuganda da Tanzaniya mvule, a Jamhuriyar Benin loko, kuma tsofaffin Hausawan da suka yi fataucin goro ma loko za ka ji suna cewa. Daga Gini Bisau har Mozambik ana samunsa. Abin da zai ba ka mamaki, danginsu ɗaya da ɓaure da cediya da durumi da gamji, farin ruwan nan da direba ya gani shi ne irin wanda kake gani in ka tsinke ganyen cediya. Sai dai shi ya bar su a ƙasa, yana kai mita 50, kuma gangar na iya yin mita 20 ko fiye babu reshe. Da rani yakan zubar da ganye na ɗan lokaci.

Wani abu da mutane ba su sani ba, akwai namiji akwai mace, kamar dabino ko giginya. Namijin fure kawai yake yi, dogaye sirara suna reto, iska ta kwashi garin ta kai wa macen, ita ce ke yin 'ya'ya, kore ne dogo kamar ɗan yatsa cike da ƙananan iri. To wa ke shuka shi a daji? Jemage. Manyan jemagun nan masu ruwan ƙasa-ƙasa a wuya da ke tashi dubbai da magariba, su ke shan 'ya'yan su tafi kilomita gommai cikin dare su kasayar da irin a wani wuri, tsuntsaye da kurege ma suna taimakawa amma jemage ne babban manomin. Ka ga in an sare matan an bar maza babu iri, in an harbe jemagu an kai kasuwar naman daji babu mai rabawa. Kuma ɗan iroko ba ya son duhun tsakiyar daji, sai inda wani babban itace ya faɗi haske ya shigo, ko gefen gona, ko tsohuwar saura. Shi ya sa a ƙasar Yarbawa za ka gan shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonar koko, manomi ya share komai ya bar shi.

Batun yaranka kuma ba iska ba ne, ƙurar katakon ce. An san iroko da wannan a duk duniya, har a Turai masu aikin katako suna kuka da shi, garinsa na sa ƙaiƙayi da ƙuraje da atishawa da jan ido, wasu ma yana tayar musu da asma. Sinadarin da ke hana gara da ruɓa cin sa shi ne dai ke damun fatar mutum. Ka saya musu takunkumi mai kyau, riga mai dogon hannu, a yi gogewa a waje inda iska ke wucewa, su yi wanka da sabulu da an tashi, kada su kwana da kayan aikin a jiki. Wanda ya yi ƙurajen ka ɗauke shi daga wannan aikin gaba ɗaya don in jiki ya fara ƙin sa ƙaruwa yake yi, in kuma ka ji numfashinsa na fito da ƙara to asibiti kai tsaye.

Maganar dasawa zan dawo, an kira sallah.

Ɗan Kaura ya rubuta:

Hhhh wallahi na yi dariya, wai akwai mai shi a ciki. To mu ma ai haka muke da tsamiya da kuka, wa zai yarda ya kwana gindin tsamiyar bayan gari shi kaɗai? Na zauna Kwatano shekara biyu ina sayar da albasa, akwai wani gari Wida kusa da Kwatanon, suna da wani ɗan daji da suke tsafi a ciki, akwai tsohon iroko da suka ce wai sarkinsu ne ya rikiɗa ya koma itacen don ya ɓuya wa abokan gaba, har yau Turawa na zuwa kallo ana karɓar kuɗi. A ƙasar Yarbawa ma sai ka ga an ɗaura masa farin ƙyalle an ajiye manja a gindi. Mu dai Musulmi mun san babu mai cutarwa ko amfanarwa sai Allah, yara su yi bisimilla su sa takunkumi su kama aiki. Amma fa in ka lura duk manyan da suka rage a cikin garuruwansu tsoron nan ne ya hana a sare su, waɗanda ke cikin gandun gwamnati da ma'aikata da takarda da hatimi su aka fara kwashewa.

Baban Yawuri ya rubuta:

Yarana sannunku, jikana ne ke rubuta mani ina faɗa mashi. Ni aikin jirgin ruwa na gada, tun kafin a tare ruwa a Kainji a 1968 mahaifina ke sassaƙa kwalekwale, ina yaro ina miƙa mashi gizago. Wancan zamani gungume guda ake fafewa, madaci ko kawo ko maje in babu, daga baya manyan itatuwa sunka ƙare a kusa da mu anka koma haɗa jirgi da falanki da ƙusa, ana toshe tsakani. To a nan ne munka san iroko, don duk katakon da ke zuwa daga kudu babu wanda ke jimirin ruwa kamar shi, jirgin da anka yi ƙasanshi da iroko sai mai shi ya gaji da shi. Ba shi da nauyin kawo, ba shi kumbura ya motse kamar sauran, yau cikin ruwa gobe bisa yashi cikin rana amma ba shi murɗewa. Dutsen nan kuwa mun sha gamuwa da shi, in falanki na da shi ba mu sa shi ƙasan jirgi don wurin na iya tsagewa ruwa ya samu hanya, sai mu yanke mu yi wurin zama da guntun.

Yanzu wa ke iya saye? Mai jirgi zai zo ya ce a yi mashi da mai araha, a shafe da baƙin mai ya yi kyau a ido, shekara uku huɗu ƙasan ya fara laushi, ga lodi ana yi fiye da ƙima ranar kasuwa, buhuna da babura da mutane, ga kututturan itatuwan da ruwan dam ya shanye suna nan ƙarƙashi suna jira. Ni dai in na ƙera jirgi ina gaya ma mai shi gaskiyar katakon da na sa, ya ji ko kada ya ji.

Kai kuma kafinta, tunda ka samu na gaske kada ka yi gaggawa. In danye ne ka jera shi a inuwa ka sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, kada ka shanya shi a ranar Kabi ta watan huɗu. Kuma ka huda kafin ka buga ƙusa kusa da baki. Ƙusar ƙarfe na sa mashi baƙin tabo in ruwa ya taɓa, in Alhajin naka mai kuɗi ne ya sayi wadda ba ta tsatsa.

Kafinta B/Kebbi ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, in sha Allah zan bi abin da ka ce, dama ban fara haɗawa ba. Oga direba na koma na duba wallahi kamar kana wurin, kewayen dutsen ya yi duhu kuma babu alamar liƙi, har na samu wani ƙarami a falanki na biyu. Na kira mai katakon na ba shi haƙuri ya ce sai na sayo masa goro. Farin gefen ma akwai shi a guda huɗu, wannan kam zan nuna masa. Yaron mai ƙuraje na mayar da shi wajen fenti. Malam muna jiran maganar dashe don har na fara lissafin ɗari biyu sau kuɗin falanki a kaina.

Malamin Gandun Daji ya rubuta:

Hhh Malam kafinta ajiye kalkuletan tukuna. Ba ina kashe maka gwiwa ba ne amma gara ka ji yanzu da ka ji bayan ka zuba kuɗi.

Ruwa shi ne na farko. Inda iroko ke jin daɗi ruwan sama na wuce milimita 1,000 a shekara sosai, kuma rani gajere ne. Birnin Kebbi ba ta kai nan ba, ga wata bakwai babu ɗigo, ga iskar hunturu mai busar da komai. Zuru da Yawuri sun fi dama-dama, suna kan gaɓa, kuma gaskiya ana samun iroko ko ba a babban daji ba, a cikin kurmin bakin rafi inda jijiyarsa ke taɓa ruwan ƙasa duk shekara. Sai dai kuma ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya, fadamar shinkafa kashe shi za ta yi. Yana son ƙasa mai zurfi mai taki wadda ruwa ke wucewa. In gonarka na da irin wannan lungu a bakin rafi to akwai ɗan fata, in tudu ce mai tsakuwa ka manta.

Amma ko a Ondo da Edo inda ruwa ya wadata an kasa yin gonar iroko, kuma ba yau aka fara gwadawa ba, tun zamanin Turawa ma'aikatan daji ke fama a nan da Gana. Wani ɗan ƙwaro ne ƙarami kamar ɗan fara da bai kai ƙwayar shinkafa ba, sunansa Phytolyma, yana yin ƙwai a kan sabon toho, sai ganyen ya kumbura ya yi ƙulli-ƙulli kamar marurai, 'ya'yan na ciki suna tsotsa, in suka fashe suka fita sai ruɓa ta shiga wurin kan ya mutu. Dashen ya sake toho ta gefe, ƙwaron ya sake dawowa, haka haka har ya mutu ko ya zama wani cukurkuɗaɗɗen abu mai rassa wanda ba za a taɓa samun falanki a jikinsa ba. In ka jera su ɗari biyu wuri ɗaya a fili ka shirya wa ƙwaron walima ke nan. A daji abin da ke tsirar da su shi ne suna warwatse, ɗaya nan ɗaya can cikin wasu itatuwa da ɗan inuwa, ƙwaron bai cika gano su ba har su yi tsawo su fi ƙarfinsa. Shi ya sa masu bincike ke cewa a cakuɗa shi da wasu itatuwa, kuma a zaɓi irin da ya fi jurewa. Wannan matsala na cikin abin da ya sa gwamnati ta koma dasa malaina da itacen tik a gandun Omo da Oluwa, malainar ma don masana'antar takarda ta Iwopin aka yi ta, ga shi ta ƙare a shagonku. Ma'ana kusan duk falankin iroko da ke kasuwa daga itacen da ya fito da kansa ne, ba wanda ya dasa shi, ana ta ɗiba ba a zubawa.

Sai shekaru. Kafin ya kai a tsaga irin falankin da ke hannunka ana maganar shekara 60 zuwa sama ne, a can ma inda yake so. Irin kuma ba ya ajiyuwa, in ka wanke shi daga 'ya'yan ka bar shi a ɗaki 'yan watanni ya mutu, don haka duk wanda ya ce zai aiko maka da irin iroko a leda daga bara kada ka biya. In kana so don sha'awa ka nemi dashe biyar ko goma daga Cibiyar Binciken Gandun Daji ta ƙasa da ke Ibadan ko masu renon itace na can, ka sa su a bakin rafi tsakanin mangwaro da ayaba, ka kare su daga awaki da gobarar daji, ka ga abin da Allah zai yi.

In kuwa katako kake so jikoki su samu, ga madaci nan a ƙofar gidanka. Ɗan'uwan mahoganin kudu ne na jini, ya saba da raninmu, dubi waɗanda aka jera a tsofaffin unguwannin Turawa a garuruwan arewa yadda suka zama. Shi ma yana da nasa ƙwaron mai huda kan toho, kuma masu magani na ɗaye masa ɓawo har su kashe shi, amma dai yana rayuwa. Ga kawo, ga ƙirya da ake turmi da taɓarya, ga giginya da kakanninmu suka yi azara da ita gara ta haƙura, je ka Kamba ka tsallaka Gaya ka ga yadda suke tsaron tasu. Kuma waɗannan ɗin ma ba wai sun tsira ba ne, ka tuna yadda aka yi wa madobiya wajen Taraba ana lodawa Sin, har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, ta taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2017, a 2022 kuma aka ƙara da madaci da kawo, yanzu fitar da su waje sai da takarda. Mu nan Zamfara ma ba na son in fara maganar dazukanmu, wanda masu gawayi suka bari rashin tsaro ya hana mu shiga mu ga halin da yake ciki.

Direban Ore ya rubuta:

Malam ka tuna mani, akwai wani tsoho mai gonar koko kusa da Ore da muke saye ayaba wurinshi, iroko ɗaya gare shi tsakiyar gona, masu somil sun yi zarya sun gaji ya ce kakanshi ya tarar da shi nan. Bara wani yaron mota da muke waya ya ce mani tsohon ya rasu, ba a yi arba'in ba 'ya'yan sunka sayar. Oga kafinta wa ya sani ko shi ne a shagonka. Ka dai yi ma Alhaji aiki mai kyau, kuma ka ajiye mani dutsen nan kada ka yar, ina shigowa Birni ranar Jumma'a in sha Allah, ina son in nuna ma yarana don sun ce ƙarya nike.